Yadda Za Ka Auna Motsin Abubuwa da Kanka: Jagora daga Titunan Kano

Duk wanda ya taɓa tsayawa da sassafe a wani lungu na Fagge ko Kurna, ya ga mai kurar ruwa yana shirin tashi da jarkoki goma sha biyu cike, ya riga ya ga rabin abin da wannan jagora za ta yi bayani a kai. Mutumin yakan duƙa, ya kafa ƙafa ɗaya a baya, ya danna da ƙirji har jijiyoyin wuyansa su miƙe, kurar kuwa ta yi kamar an dasa ta. Da zarar ta kama tafiya a kan kwalta mai kyau, sai ka ga ya miƙe tsaye yana tura ta da hannu ɗaya, har yana amsa gaisuwar masu shago. Idan kuma yaro ya gifta masa, tsayar da ita kan zame masa aiki kamar yadda tayar da ita ya zama.

Ɗalibai da yawa sun haddace dokokin motsi uku na Isaac Newton domin jarrabawar WAEC ko NECO, amma idan ka tambaye su dalilin wahalar mai kura a farko da sauƙinsa a tsakiya, sai su yi shiru. A ganina laifin na tsarin koyon ne, domin ana fara wa yaro da ƙa'ida kafin ya auna komai da hannunsa. Saboda haka a nan za mu fara da awo, ƙa'ida ta biyo baya.

Ka tanadi tef irin na magina, da waya mai agogon ƙidayar sakan da kyamara, da alli, da rula mai santimita 30, da littafin rubutu, da bututun roba na ruwa mai tsawon mita 2 wanda aka tsaga gida biyu a tsaye, irin wanda ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa, da ƙwayar boris guda ɗaya wadda kowane makaniki zai iya ba ka. Ka kuma nemi abokin aiki, domin mai riƙe da agogo daban, mai sakin abu daban. Zan riƙa amfani da kalmar sakan maimakon daƙiƙa, saboda wasu idan sun ce daƙiƙa minti suke nufi.

Mataki na farko: auna gudu

Ka auna mita 20 a kan hanya madaidaiciya, ka ja layi da alli a farko da ƙarshe. Ka yi tafiyarka ta kullum tsakanin layukan, abokinka yana ƙidaya. Idan ka ɗauki sakan 15, sai ka raba 20 da 15, ka sami kimanin mita 1.3 a kowane sakan. Wannan shi ne gudu: nisa a raba da lokaci. Ka maimaita sau uku ka ɗauki matsakaici, domin yatsan mai agogo ba ya taɓa yin daidai sau biyu.

Malejin mota da kilomita a awa yake magana, lissafin motsi kuwa ya fi sauƙi da mita a sakan, don haka dole ka iya juya ɗaya zuwa ɗaya. Kilomita mita 1,000 ce, awa kuma sakan 3,600, shi ya sa ake raba abin da maleji ya nuna da 3.6. Adaidaita sahu mai gudun kilomita 36 a awa tana cin mita 10 a kowane sakan, mota mai gudun 60 kuma tana cin kusan mita 17. Ka riƙe wannan adadi na biyu, za mu dawo kansa.

Abu biyu kan ruɗa mai koyo a nan. Na ɗaya, gudun da ka lissafa matsakaici ne. Wanda ya yi tafiyar kilomita 8 cikin minti 30 a cunkoson yamma, matsakaicin gudunsa kilomita 16 ne a awa, ko da maleji ya taɓa 40 a wani wuri, ya kuma kwanta a sifili a danja. Na biyu, gudu kaɗai bai gama bayyana motsi ba sai an faɗi alƙiblarsa. Motoci biyu masu gudun 50, ɗaya ta nufi Zariya ɗaya ta nufi Katsina, ba motsi ɗaya suke yi ba, kuma motar da ke kewaya shataletale tana sauya motsinta a kowane lokaci ko da allurar maleji ba ta gusa ba.

Mataki na biyu: auna yadda gudu ke ƙaruwa

Idan adaidaita ta tashi daga tsaye ta kai mita 10 a sakan cikin sakan 10, to a kowane sakan tana ƙara mita 1 a sakan a kan gudunta. Wannan ƙarin shi ake kira hanzari, kuma ana samunsa ta raba sauyin gudu da lokacin da sauyin ya ɗauka. Taka birki ma hanzari ne, sai dai na ragi.

Domin ka gani da idonka, ka kwantar da tsagin bututun a kan katako don kada ya lanƙwashe, ka ɗaga kansa ɗaya kamar santimita 10 zuwa 15. Ka saki ƙwayar boris daga sama ba tare da ka tura ta ba, abokinka yana ɗaukar bidiyo da wayar. Ka daidaita tudun har sai ƙwayar ta ci santimita 20 a sakan na farko. Idan ka samu haka, za ka tarar a ƙarshen sakan na biyu tana wajen santimita 80, a ƙarshen na uku kuma tana wajen 180. Ka lura da adadin: ninki 1, ninki 4, ninki 9. Nisan da abu mai hanzari ɗaya tak yake ci daga tsaye yana tafiya ne da lokaci sau lokaci. Idan kuma ka duba abin da ta ci a kowane sakan shi kaɗai, 20 ne, sai 60, sai 100, wato 1, 3, 5.

Wannan gwaji na Galileo Galilei ne, ɗan ƙasar Italiya, wanda ya bayyana shi a littafin da ya fitar a 1638. Ba shi da agogon sakan, sai ya riƙa barin ruwa yana zuba ta siririn bututu yayin da ƙwallo ke gangarowa, sannan ya auna nauyin ruwan da ya taru ya san lokacin. Wayar da ke hannunka, wadda yawanci ke ɗaukar hoto 30 a kowane sakan na bidiyo, ta fi kayan aikinsa nesa ba kusa ba.

Mataki na uku: faɗuwa

Idan ka ci gaba da ɗaga bututun har ya miƙe tsaye, gangarowa ta koma faɗuwa. Ƙasa tana jan kowane abu da hanzarin kimanin mita 9.8 a sakan, a kowane sakan. Abin da aka sake daga tsaye yana faɗuwa mita 4.9 a sakan na farko, mita 19.6 cikin sakan biyu, mita 44.1 cikin uku. Don lissafin ka, ka ninka lokaci sau lokaci sau 5. Wasu suna kiran wannan ja maganaɗisun ƙasa, ni dai ba na son sunan, domin maganaɗisu ƙarfe yake kamawa, wannan kuwa ba ya barin dutse ko auduga ko ruwa. Jan ƙasa ya fi dacewa.

Da wannan za ka iya kimanta zurfin rijiya ba tare da igiya ba. Ka nemi izinin masu gida, ka saki ƙaramar tsakuwa mai tsabta daga bakin rijiyar, ka ƙidaya har ka ji ta taɓa ruwa. Idan sakan ɗaya da rabi ne, 1.5 sau 1.5 sau 5 ya ba ka kimanin mita 11. Sauti yana gudun kusan mita 340 a sakan, don haka jinkirin dawowarsa daga irin wannan zurfi ba abin damuwa ba ne. Daga baya ka auna igiyar guga ka ga nisan kuskurenka.

Yawancin mutane sun yarda cewa abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗuwa. Ka ɗauki littafi da falle ɗaya na takarda ka sake su tare, littafin zai riga isa. Yanzu ka ɗora takardar a saman littafin, ka tabbatar ba ta fi shi faɗi ba, ka sake saki: tare za su sauka, domin littafin ya kare ta daga iska. Ashe iska ce ke riƙe takardar, ba rashin nauyinta ba. A 1971, ɗan sama-jannatin Amurka David Scott na tafiyar Apollo 15 ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata, inda babu iska, suka taɓa ƙasa lokaci ɗaya.

Kafin ka bar wannan mataki, ka auna saurin hannunka. Abokinka ya riƙe rula a tsaye, sifili yana tsakanin yatsunka biyu a buɗe, ya sake ta ba sanarwa, kai kuma ka cafke. Idan ka kama a santimita 20, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na sakan ya wuce tsakanin ganinka da kamunka. Wannan fa kana zaune ne kana jira, ba abin da ya ɗauke maka hankali.

Mataki na huɗu: me ke sa abu ya ci gaba da tafiya?

Nan ne cibiyar al'amarin, kuma nan ne hankalin yau da kullum ke yaudarar mutum. Abin da muke gani kullum shi ne, idan aka daina tura abu yakan tsaya, sai mu ɗauka cewa motsi yana buƙatar mai turawa a kowane lokaci. Haka Aristotal na Girka ya koyar, kuma aka bi shi ƙarnuka masu yawa. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya saɓa masa, ya ce abin da aka jefa yana ɗauke da wani karkata na tafiya a cikinsa wanda ba ya ƙarewa da kansa sai wani abu daga waje, kamar iska, ya cinye shi. Galileo ya ƙarfafa wannan da gwaji, sannan Newton na Ingila ya tsara shi ya zama dokarsa ta farko a littafin Principia na 1687: abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa, abin da ke tafiya kuma zai ci gaba da gudunsa a miƙe, sai idan wani ƙarfi daga waje ya sauya masa hali.

Ma'anar wannan ita ce, aikin ƙarfi sauya motsi ne, ba raya shi ba. Mai kura yana wahala a farko domin yana sauya halin kurar daga tsayuwa zuwa tafiya. A tsakiyar hanya kuwa ba tafiyar yake saya da ƙarfinsa ba, yana biyan abin da gogayyar taya da hanya da gogayyar boris ke cinyewa ne kawai, shi ya sa hannu ɗaya ke isarsa. Da za a kawar da gogayya gaba ɗaya, da kurar ta ci gaba da tafiya ba mai turawa.

Ka gwada da kanka. Ka ɗora kati a bakin kofi, ka ɗora marfin kwalbar lemo a kan katin, tunda sulalla sun yi wuya yanzu, sannan ka ɗalle katin da yatsa da sauri. Katin zai tashi, marfin ya faɗa cikin kofi, domin ba a ba shi lokacin bin katin ba. Wannan halin ne ke aiki idan aka rataye darduma aka buge ta da sanda, dardumar ta gusa ƙura ta tsaya a inda take. Shi ne kuma ke aiki idan direban adaidaita ya taka birki ba zato: fasinja yakan ce an jefa shi gaba, alhali ba abin da ya jefa shi. Adaidaitar ce ta tsaya, jikinsa kuwa ya ci gaba da gudun da yake yi tun farko. Ka cika roba da ruwa ka yi tafiya da ita sannan ka tsaya cak, ka ga ta wane ɓangare ruwan zai zube.

Mataki na biyar: lissafa ƙarfi

Kafin lissafi, sai a raba abu biyu da Hausa ta haɗa a kalmar nauyi. Akwai yawan abin da jiki ya ƙunsa, wanda a aji ake kira mas, ana auna shi da kilo. Akwai kuma ƙarfin da ƙasa ke jan jikin da shi, wanda ake auna shi da niyuton kamar kowane ƙarfi. Buhun siminti kilo 50 ne ko'ina aka kai shi. A Kano ƙasa tana jansa da niyuton 490, wato 50 sau 9.8, a kan wata kuwa jan bai wuce kashi ɗaya cikin shida na haka ba. Ɗaga shi zai yi sauƙi a can, amma tsayar da shi idan an wurgo maka shi ba zai yi sauƙi ba.

Doka ta biyu ta ce ƙarfi daidai yake da mas sau hanzari. Niyuton ɗaya shi ne ƙarfin da ke ba kilo ɗaya hanzarin mita 1 a sakan, a kowane sakan, kuma ya yi kusa da nauyin giram 100 a tafin hannu.

Mu koma kan kurar. Litar ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka 12 masu lita 25 kilo 300 ke nan. Mu ɗauka kurar da jarkokin da kansu kilo 50 ne, jimla 350. Idan mai kurar yana so ya kai gudun mita 1 a sakan cikin sakan 5, hanzarinsa 0.2 ne, ƙarfin da ake buƙata kuma 350 sau 0.2, wato niyuton 70. Amma a kula, wannan 70 ɗin rara ce bayan an cire abin da gogayya ta ci. Dokar tana magana ne a kan ragowar ƙarfi bayan an haɗa masu ja gaba an cire masu ja baya. Idan ya sauke ruwan ya tura da wannan rarar, hanzarin zai koma 1.4, ninki bakwai, shi ya sa mai kurar da ya sayar da ruwansa yake komawa da sassarfa.

Hanyar da nake ba ɗalibai shawara su bi a kowace tambaya ita ce, su zana abin shi kaɗai a takarda, su ja kibiya ga kowane ƙarfi da ke taɓa shi: jan ƙasa zuwa ƙasa, tokarar hanya zuwa sama, turi zuwa gaba, gogayya zuwa baya. Idan kibiyoyin sun kashe juna, gudu ba zai sauya ba, ko abin yana tsaye ko yana tafiya. Motar da ke gudun 80 ba ƙari ba ragi a titin Zariya, injinta yana biyan iska da gogayya ne daidai wa daida, ragowar ƙarfi a kanta sifili ce.

Mataki na shida: turi ba ya zuwa shi kaɗai

Doka ta uku ta ce idan abu ya tura wani, shi ma wancan yana tura shi da ƙarfi daidai, ta kishiyar alƙibla. Idan kana tafiya, ƙafarka tana tura ƙasa baya, ƙasa kuma tana tura ka gaba. A laka ta damina ƙafa ba ta samun abin da za ta tura, sai santsi ya kwashe mutum. Ka hura balam-balam ka sake shi ba ɗauri, iska ta fita baya shi ya yi gaba, kuma da wannan ƙa'idar roka ke tashi.

Tambayar da ɗalibi mai kaifin basira kan yi ita ce, idan kura tana tura mutum daidai yadda yake tura ta, yaya aka yi suke motsawa? Amsar ita ce ƙarfin biyu ba a kan jiki ɗaya suke ba, ɗaya a kan kura, ɗaya a kan mutum, don haka ba sa kashe juna. Abin da ke motsa kura shi ne turin da ke kanta ya fi gogayyarta. Haka kuma idan tirela ta yi karo da adaidaita, ƙarfin da kowacce ta sha daidai yake. Bambancin ɓarnar daga doka ta biyu yake: ƙarfi ɗaya a kan ƙaramin mas yana haifar da hanzari mai tsanani, a kan babba kuma kaɗan.

Mataki na bakwai: gogayya da birki

Za ka iya auna gogayya da katako da bulo. Ka ɗora bulon a kan katakon, ka riƙa ɗaga kai ɗaya a hankali har bulon ya fara zamewa, sai ka tsaya. Ka auna tsayin da kan katakon ya kai daga ƙasa, ka raba shi da nisan da ke ƙasa daga gindin katakon zuwa daidai ƙarƙashin kan da aka ɗaga. Idan tsayin santimita 50 ne nisan kuma 100, ma'aunin gogayyar 0.5 ne. Ka barbaɗa yashi a kan katakon ka sake gwadawa, sannan ka jiƙa shi, ka rubuta abin da ka samu kowane karo. Za ka kuma lura cewa fara zamewa ya fi ci gaba da zamewa wuya.

Taya mai kyau a kan busasshiyar kwalta ma'auninta yakan kai wajen 0.7, a kan jiƙaƙƙiya kuma yana iya sauka zuwa 0.4. Nisan da mota ke ci bayan birki ya kama ana samunsa ta ninka gudu sau gudu, a raba da ninki biyu na ma'aunin gogayya sau 9.8. Da ma'aunin 0.7, mota mai gudun kilomita 30 a awa tana buƙatar kimanin mita 5, mai gudun 60 mita 20, mai gudun 120 kuma mita 81. Ninka gudu sau biyu yana ninka nisan birki sau huɗu, kuma wannan shi ne tsarin 1, 4, 9 na ƙwayar boris ya dawo ta baya. Dalilinsa shi ne kuzarin da ke cikin abu mai tafiya rabin mas ne sau gudu sau gudu, kuma aikin birki shi ne ya mayar da wannan kuzari zafi. Wanda ya taɓa kusantar ƙafar babbar mota bayan doguwar gangara ya san zafin da ake nufi.

Wannan lissafi bai haɗa da lokacin da direba ke ɗauka kafin ƙafarsa ta isa birki ba. A kan hanya, inda ba jiran abin yake yi ba, sakan ɗaya ƙiyasi ne mai sassauci. A gudun 60 wannan sakan mita 17 ne, a haɗa da 20 ya zama 37. A gudun 30, mita 8 da mita 5, jimla 13. To ka ɗauka yaro ya fito daga bayan wata mota mita 15 a gaba. Mai gudun 30 zai tsaya kafin ya isa gare shi. Mai gudun 60 kuwa zai isa wurin tun ƙafarsa ba ta taɓa birki ba. Idan an yi ruwa ma'aunin ya sauka 0.4, mita 20 ɗin nan ta koma 35.

Akwai lissafi ɗaya da nake so kowane magidanci ya yi da hannunsa. Gudun kilomita 50 a awa kusan mita 14 ne a sakan, daidai da gudun abin da ya faɗo daga tsayin mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. Idan mota ta daki abu ta tsaya cikin kashi ɗaya cikin goma na sakan, hanzarin ragin ya kai kusan 140. Yaro mai kilo 10 da ke kan cinyar mahaifiyarsa a gidan gaba zai buƙaci niyuton 1,400 kafin a riƙe shi, wato kamar nauyin buhun siminti kusan uku a hannu, cikin ƙiftawar ido. Ba uwar da ke da wannan ƙarfi. Bel ɗin kujera da hular kwano da gaban mota mai lotsewa duk dabara ɗaya suke yi: suna tsawaita lokacin tsayawa, domin idan lokacin ya ninka, ƙarfin ya ragu da rabi. Mai tsaron gida a ƙwallo ma haka yake yi idan ya janye hannu baya yayin cafke ƙwallo mai zafi.

Mataki na takwas: kwana da jifa

Tunda hali na asali shi ne tafiya a miƙe, duk abin da ke kewaye akwai ƙarfin da ke janyo shi zuwa tsakiya. A majajjawa igiya ce ke yin wannan aiki, kuma da zarar an saki, dutsen yana miƙewa ne ta inda ya fuskanta a lokacin. A shataletale gogayyar taya ce igiyar. Ƙarfin da ake buƙata shi ma yana tafiya da gudu sau gudu, a raba da nisan da ke tsakanin abin da tsakiyar da'irar da yake kewayawa, don haka yashi kaɗan a kwana ya isa ya kayar da mai babur. Motar da aka yi wa lodin buhuna har sama daga Dawanau kuwa, tayoyinta na iya riƙe hanya amma tsayin kayan ya kifar da ita, domin cibiyar nauyinta ta yi sama.

Jifa kuma motsi biyu ne da ba ruwan ɗaya da ɗaya: tafiya gaba da gudu ɗaya, da faɗuwa ƙasa da hanzarin 9.8. Ka ajiye marfin kwalba biyu a bakin tebur, ka ɗalle ɗaya ya yi nisa daidai lokacin da ka ture ɗayan ya faɗo a miƙe, ka saurara: ƙara ɗaya za ka ji. Idan ba a lissafa iska ba, jifa ya fi nisa a kusurwar digiri 45, kuma za ka iya gani da tiyon ruwa idan kana ɗaga bakinsa a hankali.

Gwajin ƙarshe, a fili

Ka sami keke mai birki mai kyau da fili shimfiɗaɗɗe wanda ba mutane, kamar filin makaranta ranar hutu. Ka ja layi biyu mita 10 tsakani. Ka taho da gudu ɗaya tun kafin layin farko, abokinka ya ƙidaya lokacin da ka ɗauka tsakanin layukan, kai kuma ka matse birkin baya kaɗai daidai kan layi na biyu, domin na gaba yana iya wurga ka ta saman kan keken. Ku auna nisan da ka ci kafin ka tsaya. Ka yi sau uku a gudun da ke cin mita 10 ɗin cikin sakan 4, sannan sau uku a gudun da ke cinye ta cikin sakan 2, kana matse birkin iri ɗaya kowane karo. Ka ɗauki matsakaicin kowane rukuni ka raba na biyu da na farko. Da wuya ka sami 4 cif, domin hannu da ƙasa da agogo duk suna da nasu kuskuren, amma idan ka sami abin da ke tsakanin 3 da 5 awonka ya yi kyau. Idan kuwa ka sami abin da ya yi kusa da 2, ka fara duba ko kana matse birkin tun kafin ka isa layi a gudu na biyu, domin nan ne yawancin masu gwajin ke yin kuskure.